MASU HANNU DA SHUNI: Abin Da Na Tarar Da Na Bi Sawun Sana'ar Kakannina



In ka tambayi Bahaushe asalinsa, abu biyu zai ba ka ba tare da dogon tunani ba: garin da kakanninsa suka taso, da wani babban mutum da gidansu ke jingina da shi. Wannan zai ce daga Barno suka zo da allo da gafaka, wancan ya ce jinin sarauta ne aka yi rikici suka fito, na ukun ya ce su Sharifai ne. To amma ka ce da shi, shi wannan kakan naku in gari ya waye me yake fita ya yi har a ɗora tukunya a gidansa? A nan za ka ga an fara kame-kame. Mun riƙe sunaye, mun riƙe kirari, amma aikin da ya ciyar da mutanen nan, wanda ya cinye musu kwanakin duniyarsu tun daga hantsi har almuru, shi muka bari ya zube.

Ba mu kaɗai ba ne, haka rubutaccen tarihinmu ma yake. Littafin Tarihin Kano, wanda Baturen nan Palmer ya fassara a 1908, jerin sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu da shekarun da kowa ya yi a kan gado. Alhali shi birnin kansa, in ka bi lunguna, sana'a yake ambata maka: Soron Ɗinki, Dukawa, 'Yan Awaki, Majema. Har labarin baka ma cewa ya yi maƙera ne daga Gaya, Abagayawa, suka fara zama a gindin Dala saboda tama. Unguwanni sun fi mu riƙe amana.

Mu a gidanmu abin da muka tashi muka ji shi ne, gidan malamai ne. Kakana, wato mahaifin mahaifina, ya taso daga Kura ya shigo birni, yana da makarantar allo a zaure, kowa Malam yake ce masa. Daga nan labari ya tsaya. Abin da ya sa na tono shi kuwa ba son tarihi ba ne da farko, rabon gado ne. Da aka zo lissafin abin da ya rage na dangi, sai ga wani kangon fili a Kura wanda manya ke kira "karofi". Ba gona ba ne, ba gida ba ne, ramuka ne kawai da shara ta cike. Aka sami mai saye, aka ce ni da nake ɗan boko in je in bincika yadda aka yi ya zama namu, kada a sayar a zo ana shari'a. Tambayar da na tafi da ita ke nan: me ya haɗa gidan malamai da rijiyoyin rini?

Duk wanda zai yi irin wannan aiki, shawarata ta farko ita ce ya fara da tsofaffin mata. Maza suna ba ka tarihin da ake faɗa a zaure gaban baƙi, su kuwa mata sun san abin da ke rataye a bango da abin da ke ƙarƙashin gado. Kuma kada ka tambaye su "mene ne asalinmu", don amsar a haddace take. Ka tambayi ƙananan abubuwa. Ni Goggona na samu, yayar mahaifina, lokacin ta haura tamanin, Allah Ya jiƙanta. Na ce, "Goggo, kin riski kakanku na wajen uba kuwa?" Ta ce ta riske shi, ya rasu lokacin yaƙin Hitila tana 'yar yarinya mai tallan ƙuli. Na ce yaya kamanninsa? Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, ni hannunsa kawai nake tunawa. Baƙi ne wuluk har gwiwar hannu, in rana ta haska shi sai ka ga shuɗi. In ya ba mu fura da hannunsa tsoro muke ji. Ai har aka yi masa wankan gawa farcensa bai washe ba."

Daga wannan magana sauran suka biyo. Wani guntun icce mai nauyi da take dakan daddawa da shi shekara da shekaru, ta ce ɗan bugu ne, na kakan nata. Ta tuna warin karofi da ke bin rigarsa. Ta tuna Buzaye masu naɗi suna sauka a ƙofar gida da raƙuma, ana kai musu ruwa, yara na leƙe. Shekaru kuwa ba ta san su da lamba ba, amma ta san su da abin da ya faru, kuma wannan ya isa. In tsohuwa ta ce maka an haifi wane bayan Basasa, ka san 1893 zuwa 1895 take nufi, lokacin da Tukur da Yusufawa suka gwabza. Zuwan Nasara Kano 1903 ne. Isowar jirgin ƙasa 1911. Yunwar Kakalaba 1914, annobar Marisuwa 1918, 'Yar Buhu 1927. Da waɗannan turaku na ɗaure labarin Goggo: ubanta an haife shi bayan zuwan Nasara da kaɗan, kakanta kuwa ya riga ya zama magidanci kafin Basasa.

Sai na koma ga sana'ar kanta, domin ba ka gane mutum in ba ka san yadda yininsa yake ba. Rini a ƙasar Kano ba ƙaramin al'amari ba ne. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a fitar daga ƙasar sun kai na wuri miliyan 300 a shekara. Ya ce ana kai su har Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, har Tambutu ta yamma. Ya kuma ambaci kuɗin karofi, wuri 700 a kan kowace rijiya. Mai karatu ya lura, sarki ba ya sa wa abu haraji na musamman sai in abin yana kawo kuɗi. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta tun 1498, ita aka fi sani yau don tana cikin birni kuma baƙi na zuwa ɗaukar hoto, amma a ƙarni na 19 ƙarfin sana'ar yana garuruwan kudu da birni, Kura kuwa ita ce kan gaba, har rawanin nan mai ƙyalli ya ci sunanta, ɗan Kura. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, a kan wannan ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1975, kuma duk mai neman kakansa a cikin marina sai ya bi ta kansa.

Ga yadda aikin yake, kamar yadda tsofaffin da na tarar a Kura suka kwatanta mini. Ana noma baba a gona, a yanka, a daka ganyen a dunƙula a shanya. Rijiyar kuwa ana haƙa ta ta shanye mutum a tsaye, wata ma ta ninka haka, a shafe cikinta da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Shi lason daga cikin rijiyar yake fitowa: katsin da ya kwanta a ƙasa bayan baba ya mutu, shi ake kwashewa a ƙona, ya zama abin shafe, ya kuma koma cikin sabon haɗi. Ba abin da ake zubarwa. A zuba ruwa da toka da baba, a yi ta motsawa da doguwar muciya kwana da kwanaki har ya nuna, kumfa ta taso. Marini da hanci da ido yake gane rijiyarsa ta yi, har da ɗanɗano a harshe. In aka tsoma zane aka ɗago, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska ya juye shuɗi a gaban idonka. A mayar, a ɗago, a mayar, har ya yi duhun da ake so. Daga nan sai mabuga: a shimfiɗa shi a kan gungumen icce, a barbaɗa shuni, mutum biyu ko fiye su yi ta dukansa har ya ɗauki ƙyalli kamar an shafa masa mai. Wannan shi ne turkuɗin da Abzinawa ke zuwa nema, su kawo gishirin Bilma su koma da tufa da hatsi. Shunin yana zuba a fatar mai sawa, kuma su hakan suke so, ado ne a wurinsu. Kullum muna cewa "masu hannu da shuni" muna nufin attajirai, ba ma tsayawa mu tuna akwai lokacin da maganar ba salon magana ba ce, hannun ne da shuni a jikinsa.

Amma kafin zane ya iso karofi, hannu nawa ya bi? A nan ne matan gidanmu suka fito, waɗanda ko a jerin sunayen da ake yi wa addu'a ba a cika kawo su ba. Mace ce ke gurzar auduga ta fitar da angurya, ta yi shiɓa da baka, ta zauna da mazari da alli a yatsa tana kaɗi, tana jan zare tana jijjiga goyo. Goggo ta ce kakarta ba a taɓa ganinta zaune hannu sake ba, ko baƙi aka yi taskirarta na gefe, kuma da kuɗin zare ta yi wa 'ya'yanta mata uku kayan ɗaki. Masaƙi ɗaya sai mata da yawa sun yi masa kaɗi kafin ƙoshiyarsa ta samu abin ci. Wato duk wuri miliyan 300 ɗin nan na Barth, tushensu yatsun matan da ke cikin kulle ne. Wanda ke son jin muryar irin waɗannan mata ya nemi labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta aka buga a 1954.

Na je Kaduna, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, na duba rahotannin ƙiyasin haraji da jami'an mulkin mallaka suka yi gunduma-gunduma. Suna da amfani ƙwarai, domin Bature mai neman haraji ba ya wasa da ƙidaya: masaƙa nawa, marina nawa, maƙera, mahauta, wanzamai, rijiyoyin rini nawa ke aiki, nawa ake jin kowa ke samu a shekara. Sai dai adadi ne, sunan da za ka gani na hakimi ne da dagaci. Za su nuna maka girman kasuwar da kakanka ya yi rayuwa a cikinta, shi kansa kuwa sai ka koma wurin mutane.

Komawar ce ta kai ni inda labarin ya yi nauyi. Tun muna yara, duk Sallah mahaifina yakan aika da turmin atamfa da hatsi wani gida a Kura da ake ce wa "gidan Baba". Ba mu haɗa jini da su ba, ba mu taɓa auratayya ba, amma ba a suna ko biki a gidanmu sai an sanar da su tun kafin dangi. Na je na gaida dattijon gidan, na ce, "Baba, Allah Ya ƙara lafiya, karofin nan ne ya kawo ni." Ya dube ni ya ce, "Ai kakan ubanka ɗan gidan nan ne." Duk wanda ya san Hausa ya san abin da "ɗan gida" ke ɗauke da shi in an faɗe shi da irin wannan murya. Da ya ga ban tashi ba, sai ya ci gaba. An kawo shi yana yaro daga kudu, da tsagar da ba ta mutanen nan ba. Sunan da aka sa masa irin waɗanda ake sa wa bayi ne, su Nagode, Nasamu, Barka, Alheri. Ɗaya daga cikinsu ne, kuma na bar shi a cikina. Ya fara da ɗebo ruwa da kwasar katsi, aikin da ɗan gado ba ya so, ya koma bugu, daga baya ya iya haɗa rijiya har ya fi 'ya'yan ubangijinsa. Aka sa masa murgu, wato ya yi aikin kansa yana biyan ubangiji wani abu a kai a kai. A cikin abin da ya rage masa ya tara ya fanshi kansa a gaban alƙali, zamanin Sarki Abbas. Rijiyoyin nan guda bakwai, biyu ubangijin ya ba shi, biyar shi ya haƙa.

Wannan ba baƙon labari ba ne a ƙasar Kano, mu ne dai ba ma faɗa. Dokar Lugga ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, amma waɗanda ke cikin bauta ba ta sake su ba, sai dai su fanshi kansu, kuma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Littafin Lovejoy da Hogendorn na 1993 ya bi wannan dalla-dalla, sannan shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara, akwai maganganun bayi da fansa a cikinsu. Kakana Malam, da aka haifa bayan zuwan Nasara, shi ne ɗa na farko a zuriyarmu ta wajen uba da bai taɓa zama dukiyar wani ba.

To me ya sa bai gaji ubansa ba, alhali Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa? Wani ɓangare na amsar kasuwa ce. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, daga baya ya iso mu a gwangwani, mai araha, ba sai an jira rijiya ta nuna ba. Jirgin ƙasa ya kawo akoko da atamfa. Turawa sun sa rai audugar Kano za ta tafi masaƙun Ingila, sai manoma suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, daga 1912 suka rungume ta. Kakalaba ta kashe masu saye, sannan bayan tawayen Kaosen a Agadas a 1916 da 1917 Faransawa suka murƙushe Abzin, ayari ya yi rauni. Rini bai mutu a lokacin ba, Kura ta ci gaba da yi shekaru masu yawa, amma mai rijiya bakwai ya fara ganin ba dukkansu ke aiki ba. Ɗaya ɓangaren kuwa Goggo ce ta ba ni shi. Ta ce tsohon ya rantse ɗansa ba zai sa hannu a baba ba. Ya tura shi gabas karatu, kuɗin bugu da rini ne suka riƙe shi har ya sauke, ya dawo aka ce masa Malam, ya bar Kura inda kowa ya san tsagar ubansa, ya shigo birni inda ba mai tambaya. Ko a birnin ma ba allo ne ya ciyar da gidansa ba. Ɗinkin riga yake yi a zaure, yana jan aska takwas yana gyara wa almajirai karatu, kamar yadda malamai da yawa ke yi. Saboda haka "gidan malamai" ba ƙarya ba ce. Gini ne da wani marini ya yi da gangan, ya kuma biya kuɗinsa, har da sharaɗin a manta da shi.

Da na kawo wa dangi abin da na samo, maganar fili ta warware nan take, don dattijon ya yarda ya yi shaida. Sauran maganar ce ta tayar da ƙura. Baffana, ƙanin mahaifina, ya kira ni gefe ya ce, "Kai yanzu abin da uban ubanmu ya binne da hannunsa shi za ka tono? Kana da ƙanne mata ba su yi aure ba." Ba zan ce ba shi da hujja ba. Har gobe akwai gidajen da in an zo neman aure sai an aika a binciko ko akwai bauta, ko fawa, ko wanzanci, ko roƙo a jinin yaro, mutanen da ba sa iya kwana ɗaya ba su ci naman mahauci ba. Kuma gaskiya ne shi tsohon ya zaɓi a rufe. Amma ni a ganina ya rufe ne don ɗansa ya samu wurin tsayawa, kuma ɗan ya samu, jikoki sun samu, a cikinmu yau akwai likita akwai alƙali. Mutumin da aka kamo yana yaro, ya koyi sana'a a hannun waɗanda suka mallake shi, ya sayi kansa da guminsa, ya haƙa rijiya biyar, ya sa ɗansa ya haddace Alƙur'ani, ban ga wani a cikin jerin kakannin da muke taƙama da su da ya kama ƙafarsa ba. Muka rabu da Baffa a kan zan rubuta, amma ba suna, ba unguwa. Shi ya sa mai karatu bai ga ko ɗaya a nan ba. A littafin da na ajiye wa 'ya'yana kuwa kowa da sunansa, kuma a ƙarƙashin kowane suna na rubuta aikinsa, har da na mata: mai kaɗi, mai ƙuli, mai kitso, ungozoma.

Filin an sayar, an raba kuɗin yadda shari'a ta ce, mutum talatin da ɗaya, abin da ya zo hannun kowa bai taka kara ya karya ba. Kafin a miƙa na sa yara suka share bakin rijiyoyin, na auna faɗin kowace, na ɗauki hotonsu. Biyun da aka ba shi suna gefen gabas, sun fi ƙanƙanta, bakinsu ya zaizaye. Biyar ɗin da ya haƙa a jere suke, tazararsu ɗaya. Wanda ya saya shaguna ya gina, kuma ya gaya mini da aka zo haƙa harsashi sai da leburori suka nemi ƙarin kuɗi, don lason ya ƙi fasuwa da diga.